TRANSFA DA ƘARAMAR SANA'A: AMFANINTA, ILLARTA DA HUKUNCINTA



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan uwa, tambayoyi sun yi yawa a kwanakin nan a kan ciniki ta waya, kuma mafi yawansu daga masu ƴar sana'ar gefe suke fitowa. Ina nufin malamar firamare a Badariya da ke haɗa humra da turaren wuta in ta taso aiki. Ina nufin ma'aikacin sakatariya a Gwadangaji mai kiwon tantabaru, wanda ya fara don sha'awa har abin ya zama ciniki. Haka ɗalibin Kwalejin Waziri Umaru mai sayar da huluna da data, da uwargida a Argungu da ke bandar kifi tana ba direba a tasha ya kai Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Da su nake magana yau, saboda halinsu daban yake da na babban ɗan kasuwa. Mai babban shago a kasuwar Birnin Kebbi in aka cuce shi naira 20,000 zai ji zafi, amma gobe da safe zai buɗe shagonsa. Ita kuwa mai humra, wannan 20,000 ɗin ita ce jarin kaf. In ta tafi, sana'a ta mutu. Don haka abin da zan faɗa a taƙaice shi ne: transfa halal ce, kuma tana da amfani babba, amma ta cire mana abin da muka saba dogara da shi, wato hannu da hannu. Wanda bai maye gurbin wannan da lura da rubutu da amana ba, wayar da ta kawo masa ciniki ita za ta cinye masa jari.

YADDA MUKA ZO NAN

Matsalar ɗaukar kuɗi daga gari zuwa gari tsohuwa ce. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce, kuma kakanninmu fatake a buhu suke ɗaure wuri su aza wa jaki. Ƴan kasuwar Musulmi na da can ma sun nemi mafita: mutum ya ba da dukiyarsa a wannan gari, a ba shi takarda, ya je wani gari ya karɓa. Ita ce fuƙaha'u ke kira suftaja. Malamanmu na Malikiyya sun yi tsanani a kanta saboda tsoron kada ta zama bashin da ya jawo amfani, amma Mukhtasar na Shehu Khalil ya yi rangwame a lokacin da tsoro ya game hanyoyi. Wanda ya san halin hanyoyin Arewa maso Yamma a shekarun nan ya san wannan rangwamen bai yi mana nisa ba.

A Najeriya, tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ya fara a 2011. OPay ta shigo a 2018, PalmPay a 2019, sannan na'urorin Moniepoint suka cika kasuwanni. Duk da haka, talakan Kebbi bai rungumi abin ba sai da canjin kuɗi ya matsa shi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya, a zamanin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuɗi kuma ba su wadata ba. Sai ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. A cikin waɗannan makonni ne mai ƙosai da mai kifi da ɗan kabu-kabu suka buɗe asusu, ba don suna so ba, sai don babu yadda za su yi. Kuɗi sun dawo hannu daga baya, amma al'adar ta zauna.

ASALIN HUKUNCI

Ƙa'idar malamai ita ce asali a mu'amala halacci ne, sai abin da dalili ya hana. Ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ke nuna yardar ɓangarori biyu, ko magana, ko rubutu, ko miƙa a karɓa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na shida a Jidda a shekarar 1410 ta Hijira, daidai da 1990, ta tabbatar da ingancin ƙulla ciniki ta hanyoyin sadarwa na zamani. A wannan zaman kuma ta yanke cewa shigar kuɗi cikin asusun mutum a banki ana ɗaukarsa karɓa ne a hukunce, kamar an danƙa masa a hannu.

A lura da kyau: shigar kuɗi cikin asusu aka ce. Ba a ce shigowar saƙo cikin waya ba. Rabin rigingimun da ake kawowa gaban limamai da masu unguwa daga rashin bambance waɗannan biyun suke tasowa.

AMFANINTA

Na farko, ta faɗaɗa kasuwa. Da, mai ƙulli-ƙulli ko mai saƙar hula iyakacin kasuwarta unguwarsu ce da ƴan biki. Yanzu ta ɗora hoto a WhatsApp, ƴar'uwa a Jega ko Kaduna ta gani, ta turo kuɗi, a saka kaya a mota. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro tun 1934, in an yi shi yana tara baƙi na ƴan kwanaki ne kawai, sai kowa ya watse. Amma baƙon da ya ɗanɗana kifin, ya karɓi lambar mai shi, zai iya zama mai saye na shekara guda cur.

Na biyu, sutura ce ga mata. Matar da ba ta son fita, ko mijinta bai yarda ta zauna kasuwa ba, tana iya neman halaliyarta daga ɗakinta. Mafi girma daga wannan, ta rage talla. Duk cinikin da aka gama ta waya, yarinya guda ce ba a aza wa faranti an tura tasha ba a lokacin da ya kamata tana makaranta.

Na uku, tsaro. Mai zuwa sari Kantin Kwari a Kano ba sai ya ɗaure kuɗi a ƙugu ba. Ba a maganar jabun kuɗi, ba a maganar yagaggiyar takarda, ba a yawon neman canji.

Na huɗu, akwai shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mu kuwa kunya ta sa ba mu rubutawa. Transfa tana rubuta rana da lokaci da adadi da sunan wanda ya tura, ko mun so ko ba mu so ba. In gardama ta taso, sai a buɗe a duba.

Na biyar, ta rage bashin "ban fito da kuɗi ba". Da, wannan kalma ce ke kashe ƙananan sana'o'i. Yanzu amsa a shirye take: "Ba komai Hajiya, ga lambar asusu."

ILLARTA

Ta farko kuma mafi muni, alat na bogi. Hanyoyinsa biyu ne sanannu. Ko dai a turo saƙon waya mai kama da na bankinka sak, ko a nuna maka hoton rasit da aka gyara. Masu yin wannan sun san lokacin zuwa: dab da magariba, ko daren Sallah, ko sanda mutane suka yi maka yawa. Sai ka ji, "Malam ka gani ai ya fita daga wajena, netwok ne, zai shigo." In ka nuna shakka sai ya ɓata rai, ya ce kana zarginsa. Kunyarmu ita ce jarinsu. Maganin abu ɗaya ne: buɗe asusunka da kanka, ka ga kuɗinka sun ƙaru. Saƙo ba kuɗi ba ne, hoto ba kuɗi ba ne, rantsuwa ma ba kuɗi ba ce.

Kai kuma mai yin wannan aiki, ka sani wannan cin dukiyar mutane ne da ƙarya, kuma ba a gaban alƙali za ta ƙare ba. Tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar. Matar da ka cuci kwalabe uku na humra, wataƙila da kuɗin marayu take juyawa.

Ta biyu, ƴan caje-cajen da ba a ji. A ƙa'idar Babban Banki ta 2020, tura abin da bai wuce 5,000 ba naira 10 ne, daga nan zuwa 50,000 naira 25, abin da ya haura haka naira 50, ban da harajin da ake ɗorawa a kai. Akwai kuma naira 50 ta gwamnati a kan transfar da ta kai 10,000, wadda kamfanonin waya irin su OPay da Moniepoint suka fara cirewa a Disamba 2024. Mu ƙaddara ƴar'uwa ta sayar da atamfa 12,000, ribarta 1,200. Ta karɓa daga mai saye, ta tura 10,800 ga wanda take saro kaya wajensa. A ɗayan biyun sai ta haɗu da naira 50 ɗin nan. Banki ya ɗauki 25 da ƴan kai. Ta je wajen mai POS ta ciro ribarta, mu ce ya cire 100. Kusan kashi ɗaya cikin bakwai na ribar ya tafi, ba a sa kuɗin data ba, ba a sa na ɗan aike ba. Babban ɗan kasuwa ba zai ji wannan ba. Ita kuwa in ba ta sa shi cikin lissafin farashi ba, wahala kawai take yi wa mutane.

Ta uku, cakuɗa jari da kuɗin cefane. Kakanninmu mata suna da gwangwanin jari daban, asusun ƙasa daban, kuma fasa asusu ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu albashi da jari da kuɗin adashi da gudummawar biki duk a lamba ɗaya suke, kuma da yatsa ɗaya suke fita. A sayi data, a tura wa ƙani, a biya anko. Ranar komawa sari sai a tarar babu rabin jari, kuma ba wanda ya sata. Wannan illar ta fi alat na bogi kashe sana'o'i, don ita ba ta da ƙara.

Ta huɗu, abin ba a hannunka yake ba. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a maƙwabciyarmu Zamfara saboda matsalar tsaro. Wanda dukiyarsa duk tana waya, yaya zai yi? Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace, hulɗar banki ta tsaya wa mutane da yawa a Afirka ta Yamma. A Afrilu 2024 Babban Banki ya dakatar da OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda daga buɗe wa sababbin mutane asusu, sai a watan Yuni aka ɗage. A wannan watan na Yuni kuma aka soke lasisin bankin Heritage. Gaskiya ne akwai hukumar NDIC mai inshorar ajiya, kuma a 2024 ta ɗaga abin da take biya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Amma mai jarin 30,000 ba zai iya jiran cike takardu ba, yau yake buƙatar kuɗinsa. Kada ka zuba komai wuri guda, kuma kada gida ya rasa ɗan tsabar kuɗi.

Ta biyar, tonon sirri. A wasu kamfanonin, lambar asusunka ita ce lambar wayarka, sifilin farko kawai aka cire. Ƴar'uwa da ta manna ta a Facebook ta ba duniya lambarta ke nan. Daga nan sai kiran banza daga mazan da ba saye ya kawo su ba, sai kuma ƴan damfara masu cewa daga banki suke, a karanto musu lambar da aka turo yanzu. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ka lambar sirrinka ko wannan lambar da ake turowa. Duk wanda ya tambaya, kashe wayar.

Ta shida, ƙofofin haram suna kusa. A cikin manhajar da kake karɓar kuɗin halal, a nan aka ajiye maka akwatin ajiya mai ƙaruwa kullum, irin su OWealth da CashBox, da tayin rance na nan take, da wurin zuba kuɗin cacar ƙwallo. Ajiyar da aka lamunce maka uwar kuɗinka, aka yanka maka ƙarin kaso sananne a kai, wannan kuɗin ruwa ne. Shi ne abin da shari'a ke kira riba da Larabci, kada a rikita shi da ribar ciniki ta Hausa. Haka rancen da za ka mayar da ƙari. Ka duba manhajarka yau, in akwai irin wannan a kunne, ka kashe. Abin da ya riga ya shigo a fitar da shi ga mabuƙata ko amfanin jama'a, ba da niyyar neman ladan sadaka ba. Mai son ajiya, akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus.

MAS'ALOLIN DA AKA FI TAMBAYA

An cire wa mai saye, ni kuma ban gani ba. Wa ke da asara? Kuɗin kaya suna nan a wuyan mai saye har sai sun isa gare ka. Shi ne zai bi bankinsa da lambar shaidar da ke jikin rasit, in banki bai warware ba akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Banki. Kana da damar riƙe kayanka, kuma wannan ba rashin mutunci ba ne. In mutum ne da ka sani ka ga dama ka ba shi, to bashi ne ka bayar, ka rubuta shi a matsayin bashi.

Ya gaji da jira ya biya da tsabar kuɗi, bayan kwana biyu transfar ta shigo. Wajibi ne ka mayar masa, ko da bai sani ba, ko da bai tambaya ba.

Kuɗi sun shigo mini bisa kuskure. Ba rabo ba ne, ba kuma addu'arka ce aka amsa ba. Amana ce. Amma ka mayar ta hanyar banki, zuwa asusun da suka fito. In wani ya kira ya ce ka tura wani asusu daban, kada ka yi, don wannan ma salon damfara ne. Kuma kada ka ba kowa aron asusunka ya karɓi kuɗin da ba ka san tushensu ba. Sunanka da BVN ɗinka ne a jiki, kai za a nema.

Zan iya ɗora wa mai saye caji? In ka faɗa masa kafin a ƙulla ciniki ya yarda, ya zama cikin farashi, babu laifi. Abin da bai dace ba shi ne a gama magana sannan ka ɓullo da ƙari. Ladan mai POS kuwa, malamai da dama na wannan zamani sun halatta shi a matsayin ladan aiki. Amma tsawwala wa mutane a lokacin ƙunci, kamar yadda aka gani a farkon 2023, wannan zalunci ne ko da me aka kira shi.

Sayar da kaya da hoto fa? Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki in an siffanta shi siffa cikakkiya. In ya iso ba yadda aka faɗa ba, mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Don haka hoton da aka ƙara wa haske har launin yadi ya canza, ko ɓoye aibin kaya, algus ne. Mai sayar da shinkafa ko wani abinci kuma ya kiyaye: abincin da ka saya da awo, ba ka sayar da shi sai ka karɓe shi, kai ko wakilinka.

Zinari da canjin kuɗi fa? Nan akwai tsanani. Mai sayar da ɗan kunnen zinari, da mai canjin sefa da naira kamar ƴan uwanmu na Kamba, sharaɗinsu a karɓa kafin a rabu. Transfa tana wadatarwa in an yi ta a wurin. "Tafi da shi, zan turo da dare" bai halatta ba a wannan babi, ko da kun yarda da juna.

Zakka? Kuɗin waya kuɗi ne. In ka haɗa su da na hannu da ƙimar kayan sayarwa suka kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinari, shekara kuma ta zagayo, ana fitar da ɗaya cikin arba'in.

NASIHA

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, ku riƙe waɗannan.

Ku buɗe wa sana'a asusunta daban, ko da jarin 10,000 ne. Ku yanka wa kanku abin da za ku ɗiba, sauran kada a taɓa.

Ku sayi littafi ɗan ƙarami. Kowane ciniki a rubuta: wane ne, me ya saya, nawa, ya shigo ko bai shigo ba. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Ku mayar da duba asusu ƙa'ida ga kowa, babba da yaro, baƙo da ɗan gida. In kowa ake yi wa, babu wanda zai ce shi ake zargi. Kai mai saye kuma, kada ka ji haushi don an ce ka dakata. Minti biyu ne.

Ke ƴar'uwa, ki buɗe asusu da sunanki. Dukiyar mace tata ce a Musulunci. Karɓar kuɗin sana'a ta asusun miji ko ƙani ya haddasa saɓani a gidaje da yawa. Kai maigida, in ta asusunka suke shigowa, amana ce a hannunka, ba ka taɓawa sai da yardarta. Hira da masu saye kuma ta tsaya kan ciniki.

Sannan ku tuna da mutuwa. Mutum zai rasu da kuɗi a manhajoji uku, a ciki akwai na adashi da na mutanen da suka biya kaya ba a kai musu ba, kuma babu wanda ya sani. Magada su rasa haƙƙinsu, shi kuma ya tafi da bashi. Ka rubuta sunayen wuraren da kake ajiya, da abin da ake bin ka da wanda kake bi, ka ajiye inda amintaccenka zai gani.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya wadatar da mu da halal, Ya tsare mu daga cutarwa da cutuwa. Wanda yake da tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu amsa gwargwadon iko in sha Allahu. A tura wa masu ƙananan sana'a, ko Allah Zai sa wani ya tsira da jarinsa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.